Kwangilar Shekara Ashirin: Yadda Aka Gina Hasumiyar Eiffel, da Yadda Ta Tsallake Wa'adinta

Ranar 8 ga Janairu 1887 aka sa hannu kan wata takarda a birnin Paris. Édouard Lockroy, ministan ciniki da masana'antu, ya sa a madadin gwamnatin Faransa. Eugène Poubelle ya sa a madadin birnin; shi ne mutumin da ya tilasta wa mutanen Paris ajiye kwandon shara, har yau kuma da sunansa Faransawa ke kiran kwandon. Na ukunsu wani injiniyan gadoji ne mai shekara 54, Gustave Eiffel, shi kuwa da sunan kansa ya sa hannu, bai laɓe bayan kamfaninsa ba.

Abin da aka yi yarjejeniya a kai shi ne Eiffel zai gina hasumiyar ƙarfe mai tsawon mita 300 a filin Champ de Mars, a bakin kogin Seine, ya gama kafin a buɗe babban baje kolin duniya na 1889. An kiyasta aikin zai ci faran miliyan 6.5. Gwamnati za ta ba shi miliyan 1.5 kacal, sauran ya san inda zai nemo. Ladansa kuwa, duk kuɗin da aka karɓa daga masu hawa nasa ne, a lokacin baje kolin da kuma shekara ashirin bayansa. Idan wa'adi ya cika, hasumiya ta koma hannun birnin Paris, in ya ga dama ya bar ta, in ya ga dama ya kwance.

Mutane sun fi son labarin tsawonta da fitilunta da masu zuwa ɗaukar hoto a gindinta. Ni kuwa a ganina kusan duk abin da ya faru da ita, tun daga yadda aka huda ƙarafanta har yadda ta kuɓuta daga hannun 'yan gwangwan, yana komawa ga wannan takarda. Ɗan kwangilar da ya san kowace rana ta jinkiri daga aljihunsa za ta fita ba ya aiki irin na wanda ya riga ya karɓi kuɗinsa ya kai banki.

Abin da Faransa ke nema

A 1870 Faransa ta gwabza da Jamusawa ta sha kashi. Aka kama sarkinta Napoleon na Uku, aka yi wa Paris ƙawanya har mutanen gari suka koma cin dawakai da ɓeraye, aka kuma yanke mata yankin Alsace da wani sashe na Lorraine. Jamhuriyar da ta tashi bayan wannan abin kunya tana neman hanyar nuna wa duniya cewa da sauranta. Sai ga 1889 ta gabato, cikar shekara ɗari da juyin juya halin ƙasar. Manyan masarautun Turai, irin su Ingila da Jamus da Rasha, suka ƙi halartar baje kolin a hukumance, kuma ba abin mamaki ba ne: wa zai gayyaci sarki bikin tunawa da juyin da ya kai ga fille kan sarki, ya sa ran ganinsa? Saboda haka sai da Faransa ta nemi abin da zai jawo jama'a ko da sarakunansu sun zauna gida.

A lokacin injiniyoyin Turai da Amurka suna da wani buri da suka daɗe suna zagayawa, wato gini mai tsawon ƙafa dubu, kusan mita 300. Gini mafi tsawo a duniya shi ne hasumiyar tunawa da Washington a Amurka, mita 169, ta dutse. An fara ta a 1848, ba a kammala ba sai 1884. Abin da Eiffel ya yi alkawari ya kusa ninka ta, a cikin shekara biyu.

Wa ya zana?

Ba Eiffel ba ne ya fara zana hasumiyar da ke ɗauke da sunansa. Ma'aikatansa biyu ne, Maurice Koechlin da Émile Nouguier. Zanen farko da Koechlin ya yi yana ɗauke da kwanan wata 6 ga Yuni 1884: ƙafafu huɗu na saƙaƙƙen ƙarfe, a ware a ƙasa, suna haɗuwa a sama. Da aka nuna wa maigida bai yi wani ɗoki ba, ya dai ce su ci gaba. Sai suka jawo mai zanen gine-ginen kamfanin, Stephen Sauvestre, ya ƙara manyan bakunan nan huɗu da ke ƙasa da wasu kayan ado. Daga nan Eiffel ya ga abin zai sayu. A watan Satumba na 1884 aka yi wa zanen rajista da sunayensu uku, shi da Koechlin da Nouguier, bai daɗe ba ya saye haƙƙin sauran biyun.

Ana iya cewa an yi wa Koechlin ƙwace, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin ko a Paris ba kowa ya san sunansa ba. Amma zane a takarda ba hasumiya ba ne. Wanda ya bi ministoci, ya tsaya gaban taron injiniyoyi yana kare lissafi, ya ɗauki bashin, Eiffel ne. Koechlin kansa bai bar kamfanin ba, shi ne ma ya gaji shugabancinsa daga baya.

Abin da ya ba su ƙarfin zuciya shi ne gadoji. Kamfanin ya gina gadar Maria Pia a Porto ta ƙasar Fotugal a 1877, sannan gadar Garabit a tsakiyar Faransa, wadda jirgin ƙasa ke bi a kanta mita 122 sama da kogi. Shi ne kuma ya tsara ƙashin ƙarfen da ke cikin mutum-mutumin 'yanci na birnin New York. A waɗannan ayyuka suka koyi cewa a dogon gini na ƙarfe, iska ta fi nauyi haɗari. Wannan lanƙwasar da ake yaba kyanta, lissafin iska ne ya haife ta: an tsara ƙafafun yadda duk turin da iska ta yi a sama zai gangara ta cikinsu ya sauka ƙasa, kamar ɗan kokawa da ya ware ƙafa ya kafe. Saƙar ƙarfen kuma ta bar wa iska ƙofofi ta wuce. Idan aka kalle ta da idon magini, ƙafar gada ce aka ja ta sama, aka hana ta gadar.

A watan Mayu na 1886 Lockroy ya buɗe gasa, ya ba da kwanaki kaɗan, sharuɗɗan kuma kamar an auna su a jikin zanen Eiffel: hasumiyar ƙarfe, gindi mai kusurwa huɗu, mita 125 kowane gefe, tsawo mita 300. Zane 107 suka shigo. Babban abokin takararsa, Jules Bourdais, hasumiyar dutse ya so ginawa da wata gagarumar fitila a kanta. Eiffel ya ci, kuma ba na jin akwai wanda ya yi mamaki.

Masu adawa

Ana cikin haƙar tushe, ranar 14 ga Fabrairu 1887, jaridar Le Temps ta buga takardar koke daga gomman marubuta da masu zane da mawaƙa. Cikinsu akwai Charles Garnier, wanda ya gina babban gidan wasan opera na Paris, da Charles Gounod da Guy de Maupassant. Suka kira hasumiyar abar banza mai ban tsoro, suka kwatanta ta da baƙin bututun hayaƙin masana'anta da zai danne duk gine-ginen tarihin birnin. Eiffel ya mayar musu a jaridar, ya ce lanƙwasar da lissafin iska ya fitar tana da nata kyau, kuma abin da ake yabawa a dalar Masar ba zai zama abin dariya don an yi shi a Paris ba.

Yau da sauƙi a yi wa waɗannan mutane dariya, amma ba wawaye ba ne. Paris birnin farin dutse ne, hasumiyoyin cocin Notre-Dame mita 69 ne, ga wani zai dasa ƙarfe tsirara da ya ninka su fiye da sau huɗu. Babu wanda ya taɓa ganin irinsa balle ya san yadda zai zauna a ido.

Ƙarar da ta fi takardar marubuta haɗari ta fito ne daga maƙwabtan filin, waɗanda suka garzaya kotu don tsoron kada abin ya rufto kan gidajensu. Hukumar birni ta noƙe. Eiffel ya ce ya ɗauki alhakin duk wata ɓarna a wuyansa, don kada shari'a ta cinye masa watanni. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Tushe a bakin kogi

An fara haƙa a ƙarshen Janairu 1887. Kowace ƙafa tana zaune kan tubala huɗu na siminti da dutse, goma sha shida ke nan, an kuma ɗaure ƙarfen a jikinsu da manyan notuna masu tsawon fiye da mita 7. Ƙafafu biyun da ke nesa da kogi ba su ba da wahala ba, an tarar da tsakuwa mai ƙarfi. Biyun da ke bakin Seine kuwa ƙasarsu laka ce, kuma sai an gangara ƙasa da matakin ruwan kogin kafin a sami abin dogaro.

Dabarar da aka yi, duk wanda ya taɓa kife ƙwarya a cikin ruwa ya san ta: iskar da ke ciki ba ta barin ruwa ya shiga. Aka ƙera manyan akwatunan ƙarfe marasa gindi, aka kife su a ramin, ana hura musu iska da inji. Leburori suna shiga ta wata ƙofa mai rufi biyu, su yi haƙa a ciki da hasken lantarki, akwati yana nitsewa a hankali saboda nauyin ginin da ake ɗora masa. Da aka kai ƙasa mai tauri sai aka cike cikin da siminti. Eiffel ya san wannan aiki tun yana saurayi, a gadar jirgin ƙasa ta Bordeaux da aka fara a 1858. Wata biyar aka gama tushe, ranar 1 ga Yuli aka fara ɗora ƙarfe.

An gina ta kafin a kawo ta

A nan ne ainihin lamarin yake. A ofishin kamfanin da ke Levallois-Perret, a gefen Paris, injiniyoyi da masu zane kusan hamsin suka fitar da zane sama da 5,000. Hasumiyar ta ƙunshi guntayen ƙarfe 18,038, kowanne an zana shi, an lissafa kusurwarsa, an sa inda kowace huda za ta zauna daidai da kashi ɗaya cikin goma na milimita. Wahalar ita ce ƙafafun a karkace suke, karkatar kuma tana canzawa daga mataki zuwa mataki, saboda haka guntayen da suka yi kama da juna ba su da yawa.

Ƙarfen daga masana'antar Pompey ya fito, kusa da Nancy a Lorraine. Baƙin ƙarfe ne da ake narkawa a tanderu, mutum ya tsaya da doguwar sanda yana dama shi kamar mai tuƙa tuwo har dattinsa ya ƙone. A lokacin an riga an san sitil, wato tataccen ƙarfen da ya fi wannan ƙwari, da shi ma ake gina gadar Forth a Sikotilan, amma Eiffel ya tsaya kan ƙarfen da ya yi shekara talatin yana aiki da shi, ya san halinsa a zafi da sanyi. Da tsohuwar zuma ake magani. Tan 7,300 aka yi amfani da shi, kuma kada adadin ya ruɗe ka: da za a narke shi duka a shimfiɗa a filin da hasumiyar ke tsaye, kaurinsa ba zai wuce santimita 6 da ɗan wani abu ba.

A masana'anta ake yanka, a huda, a haɗa guntaye su zama sashe mai tsawon kusan mita 5, a ɗora a amalanken doki a kai fili. Doka ɗaya ce a filin, kuma ba a karya ta: ba a yanka, ba a huda, ba a gyara. Guntun da bai zauna ba a mayar da shi Levallois. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan aikin gini ya san yadda wannan doka ke da wuyar bi, domin abin da ya fi sauƙi shi ne a ɗauko guduma a lallasa ƙarfe har ya yarda. Amma kuskuren milimita biyu a ƙasa yana iya zama taƙi guda a sama, kuma a mita 200 babu wurin gyara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda wannan shiri ne ma'aikatan filin ba su taɓa wuce ɗari uku ba, sau da yawa ma ba su kai ba.

Babu walda a jikin ginin. Ƙusoshin ƙarfe miliyan 2.5 ne suka riƙe shi, biyu cikin uku an dasa su tun a masana'anta. Na filin kuwa aikin maƙera ne sak, sai dai maƙerar tana rataye a sama. Mutum huɗu ne kowace ƙungiya: ɗaya yana gasa ƙusa a ƙaramin murhu har ta yi ja, ɗaya ya ɗauke ta da awartaki ya zura a huda ya danne kanta, na uku ya ɗora abin da zai fitar da siffar ɗaya kan, na huɗu ya yi ta dukansa da guduma. Idan ƙusar ta huce sai ta tsuke, ta matse ƙarafan biyu matsewar da noti ba ya yi. Ana fara haɗa sassan da notuna na wucin gadi, sannan a bi ana cire su ana maye gurbinsu da ƙusa. Kaya kuwa ƙananan injinan ƙugiya masu aiki da tururi ke ɗaga su, suna hawa kan layin da aka shimfiɗa wa lifta, gini na tashi suna binsa.

Ranar haɗa ƙafafu

Wuri mafi haɗari a duk aikin shi ne mita 57 na farko. Ƙafafu huɗu, kowace tana tashi ita kaɗai, a karkace zuwa tsakiya, babu abin da ya haɗa ta da 'yar'uwarta. Da suka yi nisa sai da aka tokare su da manyan dandamalin katako guda goma sha biyu, aka kuma kafa wasu huɗu da suka fi su tsawo don ɗaukar ƙarafan da za su zama hawa na farko. Tambayar ita ce, ƙafafun da suka taso daga nisan sama da mita 100 da juna, za su iso wuri ɗaya har huda ta hau kan huda?

Eiffel bai bar wannan ga sa'a ba. A ƙarƙashin kowane ginshiƙi ya bar gurbin jak mai aiki da ruwa, wanda zai iya ɗaga tan 800, mutum biyu na iya juya shi da hannu. A saman tokaran katako kuma ya sa akwatunan yashi. Aka gina ƙafafun sun ɗan fi miƙewa kaɗan da gangan, sannan aka riƙa zare yashi sannu a hankali, ƙafa tana kwantawa milimita bayan milimita, jak yana ɗaga inda ya kamata. Ranar 7 ga Disamba 1887 hudojin suka hau kan juna, aka dasa ƙusoshi. Daga nan aka cusa ƙarfe a gurbin jak aka cire su. Har yau akwai masu cewa hasumiyar tana zaune kan jak, ba haka ba ne.

Bayan wannan rana sauran aikin hawa ne kawai. An kai hawa na biyu, mita 115, a watan Agusta 1888.

Sai ma'aikata suka ajiye guduma. Suna aikin awa tara a hunturu, goma sha biyu a bazara, ga sanyin Paris a kan ƙarfe, suka ce tunda ana ƙara nisa da ƙasa a ƙara kuɗi. A Satumba 1888 suka shiga yajin aiki. Hujjar Eiffel ita ce wanda ya faɗo daga mita 50 da wanda ya faɗo daga mita 200 makomarsu ɗaya, don haka haɗarin bai ƙaru ba. Lissafi ne na gaskiya, amma irin gaskiyar da ke fitowa daga bakin wanda ba shi ke rataye ba. Ya yi ɗan ƙari, aka koma. A Disamba suka sake tsayawa, wannan karon ya ƙi ƙari, sai dai ya yi alkawarin kyautar faran 100 ga duk wanda ya tsaya har ƙarshe. Ya kuma buɗe wurin cin abinci a saman ginin don kada a ɓata lokacin sauka da hawa. Ta fuskar tsaro dai ba a raina ƙoƙarinsa ba: ya sa shinge da dandamali masu motsi, kuma mutum ɗaya ne ya mutu a aikin, alhali gadar Forth ta ci rayuka sama da hamsin.

Ranar 31 ga Maris 1889, bayan shekara biyu da wata biyu da kwana biyar, Eiffel ya ja ayarin manyan baƙi suka taka matakala 1,710 da ƙafa, ya kafa tutar Faransa a ƙololuwa. Da yawa daga cikin baƙin a hawa na farko ko na biyu suka tsaya suna haki.

Kuɗi ya dawo

Lifta ce ta kusa ba shi kunya. Wadda aka saba da ita tsaye take tafiya, nan kuwa sai ta bi lanƙwasar ƙafa. Dokar baje kolin ta ce kayan Faransa kawai, amma aka rasa kamfanin gida da zai karɓi aikin kai mutane hawa na biyu ta cikin ƙafafun, dole aka koma ga Otis na Amurka. Da aka buɗe wa jama'a ranar 15 ga Mayu ba ko ɗaya da ta fara aiki, duk da haka kusan mutum 30,000 suka hau da ƙafa kafin a kunna su.

Kuɗin hawa na farko faran 2 ne, na biyu faran 3, ƙololuwa faran 5, wato dala guda a lissafin mutanen Nijar. Ranar Lahadi ana ragi. Kafin a rufe baje kolin a ƙarshen Oktoba, kusan mutum miliyan biyu sun hau. Aikin ya tashi a kan faran miliyan 7.8, ya zarce kiyasi, amma a wannan 'yan watanni Eiffel da bankunan da suka shiga da kuɗinsu sun kusa mayar da abin da suka zuba. Ga shekara ashirin a gaba.

Akwai wani abu a wannan baje koli da ba ya cikin hotunan da ake sayarwa. Can gaba kaɗan, a filin Invalides, an kafa ƙauyukan kara da laka aka zuba ɗaruruwan mutane da aka kwaso daga ƙasashen da Faransa ta mallaka, har da Senegal da Gabon, Turawa suna zagayawa suna kallonsu. Jamhuriyar da ke bikin 'yanci da daidaito ita ce ta shirya wannan. Shekara goma bayan haka, a 1899, sojojinta suka ƙone Birnin Ƙonni suka shiga Damagaram. Hasumiyar da ƙauyukan saƙo ɗaya aka so su isar, cewa Faransa mai ƙarfi ce.

Ingila ta so ramawa. Wani attajirin jiragen ƙasa, Edward Watkin, ya fara tasa hasumiyar a Wembley da niyyar ta zarce ta Paris. Don rage kuɗi aka mayar da ƙafafunta huɗu maimakon takwas da aka zana, a kan ƙasa mai dausayi. Ta kai mita 47 ta tsaya, kuɗi ya ƙare, tushe ya fara nitsewa, a 1907 aka tashi ragowar da nakiya. A wurin ne aka gina filin ƙwallon Wembley. Ta Paris kuwa ta riƙe kambun gini mafi tsawo a duniya shekara 41, sai a 1930 benen Chrysler na New York ya wuce ta.

Wa'adi na ƙaratowa

Shekarar da Eiffel ya kai ƙololuwa ita ce shekarar da ƙasa ta zame masa. Ya karɓi kwangilar gina ƙofofin ruwa na mashigin Panama daga kamfanin Ferdinand de Lesseps, kamfanin ya durƙushe a farkon 1889 da ajiyar dubban ɗaruruwan Faransawa. A 1893 kotu ta yanke wa Eiffel ɗaurin shekara biyu da tarar faran 20,000. Kotun ƙoli ta soke hukuncin saboda lokacin shigar da ƙarar ya wuce, amma sunan ya riga ya ɓaci. Ya bar kamfanin, bai sake karɓar kwangilar gini ba. Abin da ya rage masa hasumiya ce.

Ita ma kasuwarta ta faɗi. Gani ya kori ji, mutanen Paris sun hau sun gani, ba su da dalilin komawa. Ko a baje kolin 1900, wanda ya fi na 1889 cika, masu hawa kaɗan suka haura miliyan ɗaya. A farkon sabon ƙarni aka fara zama ana shawarar a kwance ta idan 1909 ta ƙare.

Eiffel ya gane cewa kallo kaɗai ba zai cece ta ba, sai ta zama abin da hukuma ba za ta iya rabuwa da shi ba. Tun farko ya rubuta sunayen masanan Faransa 72 a kewayen hawa na farko, ya sa na'urorin auna yanayi a sama. Ya yi gwajin sakin abubuwa daga hawa na biyu don auna turjiyar iska, a 1909 ya gina ɗakin gwajin iska a gindinta, wanda masu ƙera jiragen sama na farko suka amfana da shi. Duk wannan bai kai wayar iska ba. A Nuwamba 1898 Eugène Ducretet ya aika saƙo ba tare da waya ba daga hasumiyar zuwa ginin Panthéon, tazarar kilomita 4. A 1903 Eiffel ya gayyaci wani hafsan soja, Kyaftin Gustave Ferrié, ya ce ya zo ya kafa tasharsa a nan, shi zai biya. Saƙonnin Ferrié suka fara kaiwa sansanonin gabas a iyakar Jamus, sannan jiragen ruwan yaƙi a teku. Soja ba ya sakin eriya mai mita 300 a tsakiyar babban birninsa. Ranar 1 ga Janairu 1910 aka sabunta izinin da shekara saba'in. A 1914, lokacin da Jamusawa suka doso Paris, daga wannan tasha aka riƙa tsintar saƙonninsu. Eiffel ya rasu a Disamba 1923 yana da shekara 91, hasumiyarsa tana watsa shirye-shiryen rediyo.

Ginin da aka yi wa wa'adin shekara ashirin ya haura shekara 130, yanzu kuma abokin gabarsa tsatsa ce. Baƙin ƙarfe ba ya tsufa muddin ruwa bai taɓa shi ba, shi ya sa kusan duk shekara bakwai ake shafe ta da fenti tan 60, da hannu, masu fenti suna rataye da igiya da buroshi. Ta yi ja, ta yi rawaya, ta daɗe a ruwan ƙasa. Zagaye na ashirin da aka fara a 2019 ya ja lokaci, ya ci kuɗi fiye da yadda aka tsara, saboda annobar korona da kuma dalmar da aka tarar a tsofaffin shafe-shafen da ake kankarewa. A Fabrairu 2024 ma'aikatan hasumiyar suka rufe ta kwanaki suna yajin aiki, ƙorafinsu shi ne birnin Paris, wanda ya gaji ƙofar karɓar kuɗin, yana ɗibar kaso mai yawa yana barin gyara a baya. Masu hawa miliyan shida ne da ɗoriya a shekara. A watan Maris 2022 jirgi mai saukar ungulu ya sauke wata sabuwar eriyar rediyo mai mita 6 a kanta, tsawonta ya koma mita 330.